Bencin Coci a Murhun Banda

To, ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa. Tabita, ke na ji ɗazu kina gaya wa ƙawayenki wai banda ba aiki ba ce, wai a hura wuta a ɗora kifi a koma inuwa a miƙe ƙafa, shi ke nan. Haba jikata! A gabana? Ni Rifkatu da hayaƙi ya mayar wa ido ja tun uwarki ba ta iya tafiya ba? Kun ce so kuke ku shiga sana'ar nan ku riƙa tallarta a waya, madalla, ban hana ba, ni ma ina so in ga kifina ya shiga duniya. Amma sai kun ji yadda abin yake tukuna, kuma duk wadda ta tashi kafin in gama kar ta zo mini aron wuƙa.

Ni ba 'yar masunta ba ce. A Malam Madori aka haife ni, babana leburan layin dogo ne, Kirista, mutumin ƙasar Zazzau. Da na yi aure sai mijina Bulus, magini, ya samu aiki a wajen Guri, muka zauna a ƙauyen nan na bakin ruwa, mu da 'yan gidajen Kirista kaɗan a tsakiyar Musulmi. Ya rasu ya bar ni da ƙananan yara, ban iya komai ba sai tuƙa tuwo da waƙar coci. Maƙwabciyata wata tsohuwar Babarbariya ce, Ya Falmata, wadda kakanninta suka taso daga wajen tafkin Chadi. Ita ta leƙo ta kan danga wata safiya ta ce, "Ke 'yar reluwe, kukan ya isa haka. Ɗauko wuƙarki ki biyo ni."

Aikin farko da ta ba ni kwandon tarwaɗa ne, da ranta, tana ta mutsu-mutsu. Na kai hannu, ta suɓuce. Na sake kaiwa, ƙayarta ta shige mini tafin hannu har sai da na kira sunan uwata. Ga tabon nan, ku duba da kyau. Ya Falmata ta yi dariya har tana riƙe ciki, sannan ta ɗebo toka ta watsa a kwandon. Ashe toka ce ke kashe yauƙin! Ki murje ta da toka, ki wanke, ki tsaga cikin ki zaro hanji a hankali, don in kin fasa maɗaciya kin gama da kifin, ɗaci har ƙashi. Sai ki lanƙwasa ta, ki haɗa kai da wutsiya, ki soke da tsinke ta zama kamar gammo. Karfasa kuwa kankare ɓawonta ake yi, bargi a yanka shi gunduwa-gunduwa. Kafin ki taɓa ashana kin sha wahalar rabin yini.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Murhu ne na laka, dogo, bakinsa yana kallon gefen da iska ba ta bugowa, sai ragar waya a kai, sai tsohon langa-langa na rufewa, sai wuƙa. Amma babban kayan aikin ga shi nan, bayan hannuna. Da shi ake auna wuta. Wutar farko mai laushi ce, ta tsane ruwa kawai. Ta biyu ta fi ƙarfi, ita ke dafa shi. Daga nan sai ki kashe harshen wuta ki bar garwashi da hayaƙi su busar da shi sannu a hankali, kina juyawa, kina sauya na tsakiya da na gefe. Murhuna na farko na zuba masa wuta bal-bal don in burge tsohuwa. Bayan kifin ya yi baƙi ƙirin, na ce ai na gama. Kwana kaɗan ciki ya fashe da tsutsa. Ta sa na kwashe da hannuna.

Itace ma ba kowanne ba. Bagaruwa da marke su ne na gaba, ƙwallon goruba kuma shi ke ba kifi jan launin nan da masu saye ke so. Maina, wato darbejiya, tana sa ɗaci. Katako mai fenti, ko mai kwalta, ko wani abu na roba, in ya shiga murhunki kin zuba wa mutane cuta a miya. Ku riƙe wannan, zai dawo a labarin.

Akwai kuma wata doka ta Ya Falmata, ita take kira rabon baki. Kafin a ɗaure kowane kwali, mai banda za ta zura hannu tsakiya, ba sama ba, ta zaro kifi ɗaya ta ɓare, ta ci, ta miƙa wa duk wanda ke tsaye a wurin. Na tambaye ta dalili ta ce, "Wanda zai ci kifin nan ba ya nan balle ya duba. Ke ce bakinsa." Da azumi ya zo, ita ba ta iya ci da rana, sai ni na zama bakinta, ina ci tana harara ta tana cewa na cika zaɓen mai kitse. In ta tafi salla ni ke tsaron wuta, ran Lahadi ita ke tsaron tawa. Har ta koma ga Allah ba mu taɓa yin cacar baki a kan addini ba, amma a kan gishiri mun yi ba adadi.

Kwalin farko da na sayar da sunana Madam Ngozi ce ta saya, wata Inyamura mai zama a Kano tana tura kaya kudu. Dillalinmu Ɗan'azumi ya kawo ta. Mata ce mai ido! Ba ta ɗanɗana kifi, ko na rabon baki aka miƙa mata sai ta girgiza kai. Ɗauka take ta shinshina, ta buga biyu da juna a kusa da kunne. In ta ji ƙwas-ƙwas ta yi murmushi, in ta ji sauti mai nauyi ta mayar ta ce, "Mama, wannan bai gama barci a wuta ba." Tun daga ranar ita ce babbar mai sayena, kuma ban taɓa sanin ko a wane gari kifina yake ƙarewa ba.

Yanzu ga shekarar da nake so ku ji, shekarar babban ruwa. Ke Tabita kina goye lokacin. Kacala, dogon hakin nan da ya cinye mana hanyoyin ruwa, ta toshe kogi, ruwa ya rasa inda zai bi sai ya biyo ta gonaki da gidaje. Shinkafa ta nutse tana gab da nuna, gero ya ruɓe a tsaye. Ɗakina ya faɗi. 'Yar cocinmu ta laka ita ma ta zauna, da ƙyar maza suka fitar da bencinan cocin suka kai barandar firamare a kan tudu, inda duk gari ya koma. Amma ku ji ikon Allah! Ruwan da ya cinye hatsi sai ya zo da kifi. Kifi fa! Tarwaɗa har inda muke shanya wanki, mata na kamawa da kwando. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba.

Sarkin Ruwa, Malam Adamu, shugaban masunta, ya tara gari ya ce tunda babu hatsi a rumbun kowa, duk abin da aka kama a haɗa wuri ɗaya a yi banda, in hanya ta buɗe a sayar a sayo abinci a raba. Ya Falmata ta riga ta rasu, ni ce babba a murhu, sai aka damƙa mini. Na gina sababbin murhu a bayan makaranta, na tara mata, muka duƙufa. Kai, mun yi aiki! Muka cika aji guda da kwalaye har kusa da rufi, duk wanda ya leƙa sai ya yi hamdala. Abincin gari kaf na shekara yana cikin ɗakin nan.

Sai hanya ta ƙi buɗewa. Ruwa ya yanke titi, mota ba ta zuwa, jirgin da zai iya ɗaukar kaya kuma ba ya ratsa kacala. Ga danshi ko'ina, tabarma ma in ka kwanta a kai sai ka ji ta jiƙe. Wata safiya na shiga ajin na ji warin da na sani. Na buɗe kwali, na zura hannu tsakiya, kifi ya yi laushi. Na zazzage, ga fumfuna fari-fari, ga gari a ƙasa, ga ƙananan ƙwari baƙaƙe suna gudu. Na buɗe wani, haka. Na zauna a ƙasa daɓas.

Kafin azahar labari ya zagaye tudun. Sarkin Ruwa ya zo da Ɗan'azumi. Shi Ɗan'azumi ba mugu ba ne, shi ma gidansa ya faɗi, 'ya'yansa na kwana a aji. Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, fiya-fiya, maganin ƙwarin nan da ake fesa wa sauro da kyankyaso.

"Iya Rifkatu," ya ce, "a tsarma da ruwa a yayyafa kaɗan, ƙwaro ko ɗaya ba zai kwana ba. Kafin kaya su isa kudu warin ya fita. Ba mu muka fara ba."

Na ce, "Mayar da ita aljihunka."

Sarkin Ruwa ya ce, "Rifkatu, a yi magana ta hankali. Kin san abin da ke cikin ɗakin nan."

"Na sani, ranka ya daɗe. Kai ma ka san dokar murhun nan. Kowane kwali sai na ci daga cikinsa, na miƙa wa wanda ke tsaye. In an yayyafa zan ci, kai ma za ka ci."

"Wa ya ce ki ci? Dokar tsohuwa ce, Allah ya ji ƙanta, ba ta addini ba ce. A ɗage ta bana."

"A wurina ta addini ce."

Ransa ya ɓaci, ya nuna barandar da yara ke kwance. "Waɗancan kin san sunan kowannensu, wasu a hannunki aka haife su. Na can kudu fa, wa kika sani? Nuna mini mutum ɗaya da zai ci kifin nan. Ɗaya tak!"

Ina zan samo shi? Ya ce ya ba ni zuwa Litinin, in ban samo dabara ba za su kwashe kifinsu su yi abin da ya sawwaƙa da hannunsu.

Ku ji nan, 'yan mata, don nan ne sana'a ta haɗu da abin da nake bi. Tun ina ƙarama ake koya mana cewa Yesu ya bar mana aikin ƙaunar maƙwabci, kuma maƙwabci ba wanda kuka haɗa danga kaɗai ba ne. Da sauƙin faɗa ran Lahadi da sabon zane. To ga maƙwabta iri biyu a gabana, na kusa masu yunwa, da na nesa da ban san fuskarsu ba, an ce in zaɓa. Na ji tsoro ƙwarai, na ji haushin Sarki, kuma na san yana da tasa gaskiyar. Na yi addu'a na ce, Ubangiji, ni ba zan zaɓa ba, kai ka san yadda za ka yi.

Maganin a sana'ance ɗaya ne: a mayar da kifin duka kan wuta, zafi ya kashe ƙwari ya kori danshi. Amma da wane itace? Busasshen da muke da shi mun ƙone a bandar farko. Bishiyoyi na tsaye cikin ruwa. Kacala in ta bushe fuu take yi kamar takarda, ba ta barin garwashi. Ɗanyen itace kuwa hayaƙi mai tsami kawai zai ba ki, ya ƙara wa kifi ruwa. Na zagaye tudun nan kaf, ko abin dafa shayi da ƙyar ake samu.

Ran Lahadi muka yi sujada a barandar makaranta. Ina zaune, hankalina ba ya kan waƙa, sai wata tsaga ta benci ta kama mini zane. Na ja tsaki. Ku sani, shekara da shekaru ni ce uwar zumuntar mata, kuma shekara da shekaru ina faɗa a kan a shafa wa bencinan nan fenti. Duk lokacin da aka yi niyya sai wani ya kwanta asibiti ko a yi rasuwa, kuɗin su tafi can. Har waƙar zolaya matasa suka yi mini a kai. Ina cire zanen ina gunaguni a raina, katako gaya ba ko fenti, sai na tsaya. Na shafa shi. Na ƙwanƙwasa. Na sunkuya na shinshina. Katakon itacen doka, busasshe ƙayau, ba fenti, ba kwalta!

Na miƙe tsaye ana tsakiyar waƙa na ce, "Ku dakata!"

Mai bishararmu, Malam Yohanna, ya sauke hannu ya ce, "Mama, lafiya?"

"Lafiya lau. Bencin nan nake so. Duka. Zan ƙone su."

Wayyo, ku zo ku ga idanu! Wata ta ce ruwa ya taɓa wa Mama kai. Na yi musu bayani tiryan-tiryan, ban ɓoye zancen kwalba ba. Malam Yohanna ya ce, "Mama, kayan ɗakin Ubangiji ne fa. Su kaɗai muka tsira da su. Kifin nan kuma yawancinsa ba namu ba ne."

Na ce, "Malam, sau nawa ka yi mana wa'azin ƙaunar maƙwabci muna zaune a kan bencin nan? To bencin ma ya ji wa'azin. Ka bar shi ya je ya aikata."

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka ɓata rai. Baba Ishaya, tsohon nan mai ciwon gwiwa, ya ce shi ba zai tashi ba, a kan wannan bencin matarsa ta zauna har ta mutu. Na ce a bar masa nasa, shi ne guda ɗayan da kuke gani a lungu har yau. Can sai Malam Yohanna ya ce, "Jama'a, ku tashi. Sauran sujadar a tsaye za mu yi." Yana rufe addu'a ya naɗe hannun riga ya kama kan benci ɗaya, ya ce wa zai kama masa ɗaya gefen.

Haka muka ratsa tudun, biyu-biyu, benci a ka, mata na waƙa. Mutane suka fito suna kallo, an ɗauka ƙaura za mu yi. A bayan makaranta maza suka zare ƙusoshi suka sa gatari. Ƙarar faskaren ce ta jawo Sarkin Ruwa. Ya tsaya ya dubi tulin, ya dube ni.

"Rifkatu, mene ne wannan?"

"Itace ne, ranka ya daɗe."

"Ba kujerun ɗakin ibadarku ba ne?"

"Ɗazu su ne. Yanzu itace ne. Amma ba zai kai rabin kifin ba, gara in gaya maka."

Ya juya ya tafi. Na ce a raina, shi ke nan, ya tafi kiran masu kwalba. Muka hura wuta muka fara. Bayan la'asar sai na ji hayaniya, maza na ba da baki irin na jan kaya mai nauyi. Na ɗaga kai, me zan gani? Jirgin mahaifin Sarki! Tsohon jirgin sassaƙa ne na itace guda, irin wanda yanzu ba a yi, ya daina shiga ruwa tun tuni, Sarki ya ajiye shi a ƙarƙashin rumfa ba ya bari ko yaro ya hau. Ga shi masunta sun jawo shi har bakin murhuna, Sarki na gaba da gatari a kafaɗa.

Na zagaya jirgin ina shinshinawa. Ya ce, "Me kike nema kuma?" Na ce, "Kwalta. In akwai, ka mayar da abinka." Ya ce, "Ji mata! Ubana bai san kwalta ba." Shi ya fara sara da hannunsa, kuma na ga ya juya fuska gefe kafin ya sauke gatarin.

Daga nan fa gari ya ɓalle! Wannan ya kawo karyayyen matuƙi, wannan tsohon turmi, wata ta kawo taɓarya, wani ya ciro ƙafar gadonsa. Wani bawan Allah ya kinkimo katakon jirgi baƙi ƙirin da kwalta yana washe baki, na bi shi da muciya har bakin ruwa, mutane na ta shewa. Muka zazzage kwalaye a kan tabarmi, mata suka zauna layi, matan masunta da matan coci gwiwa da gwiwa, ana kakkaɓewa ana gogewa ana ware na kirki. Ni ina tsakanin murhu ina auna wuta da bayan hannu ina ihu, "Rage nan! Juya can! Wa ya ƙara itace ban ce ba?" Muryata ta dishe. In an kira salla mu mu riƙe wuta, in sun idar su karɓe mu mu sha ruwa. Kwanaki muka yi a haka. Ban taɓa gajiya irin ta lokacin ba, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamarsa ba.

Kar ku ɗauka duk kifin muka tsira da shi. Wani ya riga ya lalace, muka haƙa rami muka binne, mutane na tsaye suna kallon abincinsu na shiga ƙasa. Wanda ya sha wuta sau biyu kuma ya rage nauyi, wani ya kakkarye. Ajin da ya cika har rufi ya dawo ana ganin taga. Ƙananan maganganu suka fara tashi, wai da an bi ta Ɗan'azumi da ba a yi asarar ko ɗaya ba, wai taurin kan mace ɗaya ya ci jirgi ya ci kifi. A coci ma akwai masu cewa ga mu a ƙasa saboda Mama. Sarki kuwa gaisuwarsa ta gajarce. Abin ya dame ni, ba zan ɓoye muku ba.

Da ruwa ya ja, motar farko da ta shigo Madam Ngozi na ciki. Ta sauko jikinta duk laka, kuma a karon farko ba ita kaɗai ba. Tana goye da wata 'yar yarinya da ba ta daɗe da fara tafiya ba, jikarta, uwar na kwance ba lafiya, babu mai riƙe ta. Hanya ta jijjiga yarinyar, sai tsala kuka take. Aka fito da kwalaye gaban makaranta, duk gari ya kewaye, Sarki na tsaye, Ɗan'azumi na tsaye. Madam ta buɗe na farko, ta shinshina, ta buga biyu a kunne. Ƙwas-ƙwas. Ta fara ciniki da Ɗan'azumi, yarinya na ƙara ƙarfin kuka. Sai ta kwance goyon ta ɗora ta a cinya, tana magana ba ta ko duba ba, ta zura hannu cikin kwalin ta ɓallo wutsiyar tarwaɗa, ta murje ƙayar da yatsa, ta sa wa yarinyar a baki.

Yarinya ta yi shiru tana tsotsa, mai na bin haɓarta, ta gama ta miƙa hannu tana son ƙari. Madam ta ɓallo mata wani. Sai ta ɗaga kai ta ga duk gari ya zuba wa jikarta ido, ta ce, "Lafiya? Me ya faru?" Ɗan'azumi ya dafe aljihunsa, ya ja da baya, ya bi ta bayan makaranta, daga baya na ji rami ya haƙa mai zurfi ya binne kwalbar. Sarkin Ruwa kuwa ya tsuguna a wurin yana salati a hankali. Ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Rifkatu," ya ce, "na ce ki nuna mini mutum ɗaya."

Na ce, "Haka ka ce, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ga ta nan."

Ni dai kuka na yi, a gaban kowa, ban ji kunya ba.

Hatsin da aka sayo bai kai yadda aka so ba, mun ɗaure ciki a shekarar, amma ba a binne kowa don yunwa ba. Tabarmin kabar nan kuma da kuke zama a kai ran Lahadi kuna ƙorafin ciwon baya, matan masunta ne suka saƙa suka kawo da aka tada cocin, kuma duk wadda ta tsufa sai ku ga sabuwa ta zo ba a roƙa ba. An sha cewa a sayi benci, Malam Yohanna ya ce sai bayan ransa.

To, Tabita, ga kwalinki na farko can da kika ce wata ta yi oda ta waya, ba ki san ko wace ce ba. Ajiye igiyar nan, ba a ɗaure ba tukuna. Zura hannu. A'a, ba sama ba, tsakiya. Zaro ɗaya, ɓare shi, ki ci, ki miƙo mini nawa.